Raɗin Suna a Baƙin Allo

Baba ya bar mani shago a Rafindadi,
da kyamara mai tsatsa, da kwali goma sha ɗaya
na mutanen da suka taɓa zama kan kujerar nan,
suka gyara hula, suka riƙe numfashi.
Wata biyar ina shigar da su kwamfuta.
Ita kuwa ta ba kowa lamba, kamar buhu a sito:
dubu huɗu da ɗari biyu da shida,
ba ko ɗaya mai suna.

Lawandi ɗan ƙanwata ya buɗe mani baƙin allo,
inda ba hoto, ba kibiya,
sai ɗan ɗigo yana ƙiftawa, yaro mai jiran aike.
Ya ce, "Kawu, layi ɗaya ya isa.
Ka faɗa sau ɗaya, ta yi sau dubu."
Abin da bai faɗa ba:
yaron nan ba ya tambaya, ba ya waiwaye,
in ka aike shi rijiya, faɗawa zai yi.

Daren Laraba na danna.
Kafin in ajiye kofin shayi an gama.
Na ƙirga, ɗaya ya ɓace.

Ashe Ɗanjuma Tela biyu ne a garin nan,
shekara ɗaya suka zo, riga kusan iri ɗaya.
Na biyu ya zauna a kan na farko
ba sallama, ba ƙara.
Takardar asali kuma damina ta riga ta sha ta.

Tasalla ta zo daga Ƙofar Marusa da jikarta,
ta ce yarinyar ba ta san fuskar kakanta ba.
Na juya mata allo. Ta daɗe tana kallo.
"Wannan ba nawa ba ne. Nawa yana da wushirya."

Tun ranar ba na yanka rago kafin in raɗa.

Sai na kwafe folda sukutum
in kai ta faifan da ke cikin akwatin Baba,
in zare wayarsa, in rufe.
Sannan in ce wa yaron: kada ka taɓa komai,
faɗi kawai abin da za ka yi.
Sunaye su gangaro, tsoho a hagu, sabo a dama,
ina bi da yatsa, gilashi a kan hanci,
kamar mai duba lissafin adashi.
Nan nake kama masu suna ɗaya.
Nan na ga Hajiya Indo Mai Kosai ta tsage gida huɗu
don ban ɗaure sunanta da alamar zance ba,
na'ura ta ɗauki kowane fili a matsayin ƙofa.

In na gamsu, in gwada a kan biyar.
Biyar kawai. In buɗe su in ga idanunsu.
In ƙara sharaɗi: in ka tarar da mutum a wurin,
tsaya, kada ka zauna masa a ka.
Jerin tsoho da sabo kuma in adana shi,
don wanda ya san hanyar da ya bi
shi ke iya komawa gida.

Lawandi yana dariya, wai aikin daƙiƙa uku
na mai da shi na yini guda.
Haka ne.
Janareta ma ya fi shan mai.

Jiya na gama. Ƙirga ta cika, ban da ɗayan nan.
Akwai ɗari da tara da ba wanda ya gane,
na bar su da lambobinsu, ban ƙaƙaba masu komai ba,
ko wani zai shigo wata rana ya ce, "Tsaya, koma baya."

Tasalla tana wucewa ran Juma'a.
Tana gaishe ni, har da tambayar aiki.
Ina cewa da godiya,
hannuna nesa da madannai.